Python Anghelo, da yadda mai zane ya koma ɗan aiken masu lasisi

Duk wanda ya yi zaman kafe a zamanin Windows XP, yana jiran intanet ta ga dama ta buɗe, da wuya a ce bai taɓa wasan nan na Space Cadet ba. Ƙwallo na gangarowa, kai kuma kana maido shi sama da wasu 'yan hannaye biyu don kada ya zurma rami. To wancan kwaikwayo ne. Na gasken akwati ne na katako mai ƙafa huɗu, nauyinsa ya haura kilo 100, an rufe samansa da gilashi, a ciki akwai ƙwallon ƙarfe da fitilu da wayoyi birjik. Sunan wasan fimbol, mahaifarsa kuma birnin Shikago na Amurka, inda manyan kamfanoninsa uku, Gottlieb da Bally da Williams, suka yi zamaninsu.

Ba wasan ne ya dame ni ba. Mutumin da ke zana jikin akwatin ne ya dame ni, da irin matsayin da sana'ar ta ajiye shi a yau. Ra'ayina shi ne an rage masa girma, ko da yake a ido kamar an ƙara masa. Yanzu ana buga sunansa a talla, ana gayyatarsa taro ya sa hannu a takarda, amma ba shi ke fara magana ba idan za a ƙera sabuwar na'ura. Akwai lokacin da wani mai zane ya ƙwaci wannan damar da ƙarfin tsiya, abin da ya fito daga hannunsa kuma har yau ana labarinsa. Sunansa Python Anghelo.

Kafin mu zo kansa, ya kamata a san abin da ya sa zanen yake da muhimmanci tun farko. A da ba mai wasa ke sayen na'urar ba. Ɗan kasuwa ne ke saye, ya kai ta mashaya ko gidan wasanni ya jingine a bango, ya dawo ƙarshen mako ya buɗe akwatin kuɗi su raba da mai wurin. Ɗaki ne mai duhu da hayaniya, ga wasu na'urori a jere kowace tana kiran kasuwa. Mutumin da ya shigo da tsabar santi 25 a aljihu bai san yadda wasan yake ba tukuna, abin da ya hango daga bakin ƙofa shi zai ja shi. Abin da zai hango kuwa shi ne allon gilashin nan da ke tsaye a kan akwatin, fitilu na haska shi ta baya. Aikin mai zane ke nan: ya sa baƙo ya tako.

Duk da haka shekaru da dama ba wanda ya damu ya san ko su wane ne. Yawancinsu ma ba ma'aikatan kamfanonin ba ne, suna aiki ne a wata maɗaba'a ta Shikago mai suna Advertising Posters, wadda ke yi wa kamfanoni masu gaba da juna zane a ƙarƙashin rufi ɗaya. Roy Parker ya shafe kusan shekara talatin yana zana wa Gottlieb, har da Humpty Dumpty ta 1947, na'urar farko da aka sa wa 'yan hannayen bugun ƙwallo, amma mai wasa na wancan lokaci bai san da shi ba. Ga kuma sana'ar kanta ba ta da mutunci a idon hukuma. A 1942 magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya haramta ta a matsayin caca, 'yan sanda suka riƙa kwasar na'urori ana farfasa su da guduma. Sai a 1976 aka ɗage haramcin, bayan wani matashi, Roger Sharpe, ya buga wasan a gaban 'yan majalisar birnin don ya nuna musu gwaninta ce ba sa'a ba. Wa zai yi alfahari da zanen abin da ake fasawa a titi?

Amma aikin ba na wasa ba ne. A bayan gilashi ake buga zanen, don haka komai a juye yake, hagu ta koma dama, kuma abin da mai zanen takarda zai yi a ƙarshe shi ake farawa da shi a nan. Kowane launi da ragarsa ta daban, a shimfiɗa ta a kan gilashin, a ja tawada ta ratsa, a jira ta bushe, a kawo ta gaba. Idan raga ɗaya ta goce ko da kaurin gashi ne, jan leɓe ya hau kan haƙori. Bayan launuka sai a bi da farin shafi wanda zai baza hasken ƙwan fitila don kada ya tsaya wuri guda, sannan a rufe da wani shafi mai kauri da haske ba ya ratsawa, a bar tagogi a wuraren da ake so su haska kawai. Wato mai zanen yana zana hoto biyu ne a gilashi ɗaya, wanda za a gani fitila a kashe da wanda za a gani ta kama. Filin katakon da ƙwallo ke gudu a kai kuma nasa ciwon kan daban ne, don cike yake da ramuka da turaku da kibiyoyi masu haske, dole zanen ya ratsa tsakaninsu, ya kuma nuna wa mai wasa inda zai harba ba tare da ya tsaya karatu ba.

Tsarin da aka saba shi ne injiniya ya gama shimfiɗa filinsa a farin katako, a gwada, a tabbatar wasan na tafiya, sannan a kira mai zane a ce ga shi nan, yi masa kwalliya. Wannan tsarin ne Anghelo ya ƙi.

An haife shi a 1954 a yankin Taransilbaniya na ƙasar Romaniya, ya bar ƙasar yana ɗan shekara 17, lokacin mulkin kwaminisanci na Ceausescu, ya koma Amurka. Ya yi aikin zanen katun a kamfanin Disney har zuwa 1979, daga nan ya koma Williams, an ce a kan rabin albashinsa na da, don yana ganin makomar zane mai motsi tana wajen wasanni. Aikin da ya fara fito da sunansa shi ne Joust na 1982, wasan bidiyo ne wanda jarumi ke hawa jimina riƙe da mashi yana faɗa da mahaya ungulu. Wanda aka fara saninsa da jarumi a kan jimina, ai ka san ba za a sha da daɗi ba idan aka ce ya zauna ya shafa fenti inda aka nuna masa.

A 1986 ya zana allon High Speed, na'urar Steve Ritchie da ta sayu fiye da 17,000. Wannan aiki ne irin na da, labarin na Ritchie ne, wanda 'yan sanda suka taɓa bi a guje yana tuƙa Porsche. A wannan shekarar dai aka fitar da Pin*Bot, a nan ne aka juya tsarin. Anghelo ya fara zana wani mutum-mutumin ƙarfe a sararin samaniya, sannan injiniya Barry Oursler ya zauna ya nemo yadda ƙwallo zai yi yawo a jikinsa.

Ka tsaya a gabanta ka gani. Can saman fili akwai kan mutum-mutumin, an rufe idanunsa da wani murfi. A ƙirjinsa akwai fitilu 25, layi biyar-biyar, masu launi daban-daban. Duk sanda ka bugi ɗaya daga cikin allunan da ke gabansa ko gefensa, wata fitila ta kama. Ranar da ka cika su duka, sai murfin ya ɗaga a hankali, allunan gaban su nutse cikin katako, ka ga ramuka biyu inda idanu ya kamata su kasance, fayau ba komai. Ka harba ƙwallo ya faɗa ɗaya, a ba ka wani ka harba ya faɗa ɗayan. Ƙwallayen ƙarfe biyu masu sheƙi sun zama idanunsa, sai ya buɗe baki da muryar inji ya ce maka yanzu yana ganinka, ya watso maka su gaba ɗaya. A gefe guda kuma kana tafiya ne daga duniyar Fuluto kana bin sauran ɗaya bayan ɗaya har ka isa rana. Riƙe ƙwallo a rami don a sake su tare ba sabon abu ba ne, an yi shi shekaru kafin nan. Amma cewa ramin ido ne, kuma kai ne ka ba makaho gani, wannan ba daga teburin injiniya ya fito ba. An ƙera kimanin 12,000.

Bayan shekara biyar ya yi wa Pin*Bot amarya, The Machine: Bride of Pin*Bot, wadda kanta akwati ne mai fuska huɗu yana juyawa. Ka sa mata ƙwallo a baki ta sami murya, kan ya juya, ka sa biyu a ido ta sami gani, har ta rikiɗe ta zama mutum, fitilun zuciyarta na bugawa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Taxi ta 1988, wadda ya yi da Mark Ritchie. Kai direban tasi ne, fasinjojinka biyar: Dirakula, da Santa mai rabon kyautar Kirsimeti, da Pin*Bot kansa, da wata mace, da Gorbachev. A lokacin Gorbachev na kan kujerar mulkin Tarayyar Sobiyet. Yaron da ya baro mulkin kwaminisanci ya girma ya tsayar da shugaban kwaminisancin duniya a bakin titin Amurka yana ɗaga wa tasi hannu. A Cyclone kuma, ita ma ta 1988, Ronald Reagan da matarsa Nancy ya zaunar a gaban jirgin wasan nan mai hawa da gangara. Macen cikin Taxi kuwa da farko Marilyn Monroe ce. Da maganar haƙƙin amfani da kamanninta ta taso, aka sauya mata launin gashi aka raɗa mata suna Lola. Abin ya wuce kamar ba komai, amma alama ce ta inda sana'ar za ta dosa.

Dubi jerin na'urorin da manyan kamfanonin yau, Stern da Jersey Jack, suka fitar a 'yan shekarun nan: Star Wars, Jurassic Park, Godzilla, Jaws, Guns N' Roses, Toy Story 4, Elton John. Kusan kowace sunan fim ce ko na mawaƙa. Kafin a ja layi ɗaya an riga an biya kuɗin lasisi, masu fim sun turo kundin ƙa'idojinsu, ga yadda za a rubuta sunan, ga launukan da aka yarda da su, ga fuskar da za ta fi girma, ga ɗan wasan da ba a sayi kamanninsa ba don haka kada a kuskura. Kowane zane sai ya je an duba an dawo da shi da gyara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A shekarun 2000 abin ya kai inda ake yanko hotunan 'yan fim a kwamfuta a jera su a allo, masu sha'awar wasan suka yi ta ƙorafi. An ji kukansu, zanen hannu ya dawo, Dirty Donny ya yi Metallica a 2013, Jeremy Packer da ake kira Zombie Yeti ya yi Ghostbusters a 2016 da wasu bayanta. Hannunsu na da kyau, ban musa ba. Sai dai abin da ya dawo alƙalami ne, ba iko ba. Packer zai iya zana Godzilla fiye da kowa, amma ba zai wayi gari ya ce a ƙera na'ura a kan abin da ya gani a mafarki jiya a saurare shi ba.

Masu kare kamfanonin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Za su ce lasisi ba yau aka fara ba. Tun 1975 Bally ta fitar da Wizard! a kan wani fim, ta bi da Capt. Fantastic mai hoton Elton John a 1976, ta sayar da fiye da 16,000, kuma Dave Christensen da ya zana su ba wanda zai ce masa ɗan aike. Za su ce na'urar da ta fi kowace sayuwa tun da aka sa wa wasan hannaye ita ce The Addams Family ta 1992, fiye da 20,000, kuma ta fim ce, John Youssi ya zana ta ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba. Za su tuna maka cewa Williams ta rufe sashen fimbol ɗinta a watan Oktoban 1999 ta koma ƙera na'urorin caca, aka bar Stern ita kaɗai shekaru da yawa, kuma da sunayen fina-finai ta riƙe ma'aikatanta. Mai iyali a masana'anta ba ruwansa da mafarkin wani.

Za su kuma iya jifana da Anghelo kansa. Popeye Saves the Earth ta 1994 tasa ce, ya ɗauki jarumin katun da kowa ya sani ya mai da shi mai ceton dabbobi a jirgin sararin samaniya, ya cika filin da gine-ginen roba har mai wasa ba ya ganin inda ƙwallonsa ya shiga. Masu ajiye na'ura sun yi kuka da ita, har yau tana cikin waɗanda ake yi wa ba'a. Da ya koma Capcom ya yi Flipper Football a 1996, ba ta yi kasuwa ba, kamfanin ya rufe sashen a ƙarshen shekarar. Akwai kuma wata da ya fara a can mai suna Zingy Bingy, ta batsa ce tsagwaronta, ba ta fito ba, ni kuwa ban ga asarar da aka yi ba. Kai ko amaryar Pin*Bot da na yaba ɗazu, akwai muryoyi a cikinta da ba za ka so a kunna a gaban surukinka ba. Wannan ciwon ba nasa ba ne shi kaɗai, sana'ar gaba ɗaya ta daɗe tana tallar kanta da jikin mata, don samarin mashaya take nema. Ba na cikin masu cewa duk abin da aka zana a da zinariya ne.

Duk na yarda da wannan, amma bai kai inda suke so ya kai ba. Popeye ta nuna cewa mai zane na bukatar injiniya mai iya ce masa a'a. Ba ta nuna cewa a daina tambayarsa ba. Kamfanin da ya ci ribar Comet da Pin*Bot da Cyclone da Taxi, duka da hannun Anghelo, a cikin shekara huɗu ba shi da bakin cewa 'yancin mutumin asara ne don ɗaya ta faɗi daga baya. Sannan a dubi abin da lokaci ya tace. Attack from Mars ta 1995 da Medieval Madness ta 1997, duka na Brian Eddy, ba fim a bayansu ba mawaƙi. Ɗaya halittun duniyar Mas ne ke kawo hari, ɗayar kuma gidan sarki ne da kake rushewa da ƙwallo, Doug Watson ya zana ta farko, Greg Freres da John Youssi suka zana ta biyu. Kowace 'yan dubbai kaɗan aka ƙera don kasuwa ta riga ta fara mutuwa. Yau suna sahun gaba a duk jerin da masu wasan ke yi na waɗanda suka fi so, tsofaffinsu suka yi tsadar da ta sa wani kamfani, Chicago Gaming, ya sayi izini ya sake ƙera su sababbi. Wato abin da aka ƙirƙira a cikin gida shi ne ya zama kadarar da wasu ke biyan kuɗi su taɓa. Kamfanin da ke hayar sunan wani kuwa, ranar da wa'adin lasisi ya ƙare ko sake buga na'urarsa ba zai iya ba sai ya koma ya roƙa.

Mu ma mun ga irin wannan a kan titunanmu. Gingimarin da ke ɗauko kaya daga kudu, da can za ka ga bayanta da zanen zaki ko dawisu ko ɗan dambe ya kai wani ƙasa, ko ba ka iya karatu ba ka san hannun wani ne, wani lokaci har ka gane garin da aka yi shi. Da injin buga leda ya zo, mai mota ya samu sauƙi da araha, hoton ya fi fitowa tas, amma motar kowa ta zama ɗaya.

A 1994 Anghelo ya ƙera wata aba mai suna The Pinball Circus. Maimakon fili a kwance, a tsaye take cikin akwati irin na wasan bidiyo, hawa-hawa, ƙwallo na haurawa daga bene zuwa bene har ya kai ga bakin wani ɗan kama a can sama. Guda biyu kawai aka yi, Williams ta fasa. Ɗaya tana gidan adana na'urorin fimbol da ke Las Vegas. Ko za ta yi kasuwa ko ba za ta yi ba, Allah masani, amma an ba shi kuɗi da ma'aikata ya gwada. Ya rasu a watan Afrilun 2014 bayan fama da ciwon daji, yana da shekara 60, a daidai lokacin da sana'ar ke farfaɗowa ba tare da gurbin irinsa ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Kamfanin da ke fitar da na'ura uku a shekara zai iya ware ɗaya a cikin shekara biyu ko uku, ya kira mai zane ranar farko, ba ranar da katako ya gama bushewa ba. Za a ce an gwada, Jersey Jack ta yi Dialed In! a 2017 ba tare da lasisi ba, Pat Lawlor ya tsara, Youssi ya zana, kuma masu sana'ar kan kawo ta misali idan suna so su nuna cewa irin wannan ba ya tafiya. A nan laifin ya bar masana'anta ya koma kan masu saye. Yanzu yawancin sababbin na'urori gidajen mutane suke tafiya, ba mashaya ba. Mai sayen magidanci ne da ya tara abin hannunsa, zai ajiye dala 7,000 ko sama da 10,000, kuma abin da yake nema shi ne fim ɗin da ya kalla yana yaro. Da an sanar da suna sai ya kira dillali ya biya kafin alƙalami, bai ga zane ba, bai taɓa ƙwallo ba, cinikin biri a sama. Shi ne kuma gobe zai hau intanet yana kukan cewa ba a yin irin Pin*Bot yanzu.